Rariyoyin Maraɗi: me ya sa tsofaffin unguwanni suka fi sababbi miƙewa?

Ɗalibar Taswira: Assalamu alaikum malamaina. Tambaya gare ni kan yadda ake gane shekarun unguwa daga tsarin rariyoyinta. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce, inda ka ga lunguna ƙanana a murɗe, wasu ma ba su ɓullewa, tsohon gari ne. Inda ka ga tituna a miƙe kamar gidan dara, sabon yanka ne. A Damagaram abin ya zauna daram, Birni da lungunansa, sababbin unguwanni da layukansu. Amma da aka ɗora ƙa'idar kan hoton Maraɗi sai ta kife. Bagalam, Limanci, 'Yandaka, Maradawa, waɗanda kowa ya san su ne tushen gari, titunansu a miƙe suke. Karkatattun lunguna kuwa sai ka je wasu wurare can bakin gari. Ina kuskuren yake, a ƙa'idar ko a hoton?

Malam na Limanci: Wa'alaikumus salam ɗiyata. Hoton bai yi ƙarya ba, ƙa'idar ma ba ta yi ba. Abin da ya shige miki duhu shi ne garin da kike kallo ba a nan aka haife shi ba. Maraɗin da Ɗan Kasawa ya zauna wajejen 1819, bayan jihadi ya fitar da gidan sarautarsu daga Katsina, a cikin fadamar gulbi take, da ganuwarta da ƙofofinta, kamar sauran biranen Hausa. A 1945 ruwa ya ci ta. Turawan Faransa suka hau da gari bisa tudu, suka yanka shi da igiya da turaku, aka raba wa mutane filaye. Mutanen sun hau da sunayen unguwanninsu, da masu unguwanninsu, da sanin wane ne maƙwabcin wane, amma lungunan sun bar su a ƙasa. Saboda haka sunan Limanci ya girmi titin Limanci nesa ba kusa ba. Idan kika karanta titi kaɗai, za ki ce unguwar 'yar shekara tamanin ce. Idan kika karanta suna kaɗai, za ki ce titin ɗan shekara ɗari biyu ne. Duka biyun kuskure ne.

Ki kuma lura da sunayen kansu. 'Yandaka sarauta ce, yana cikin masu zaɓen sarki tare da Galadima da Ƙaura da Durbi, tun daga Katsina. Limanci wurin liman ne da mutanensa. Irin waɗannan sunaye suna nuna miki yadda aka jera mutane a kewayen fada, wanda taswira ba za ta taɓa rubuta miki ba.

Mai Awon Kare: Malam ya gama da tarihi, bari in sa hannu a aikin kansa, don tambayar ta fi ƙarfin kallon hoto guda.

Abin farko, a jera hotuna na lokuta daban-daban, kada a dogara da na bana. Akwai hotunan jirgin sama da Faransawa suka ɗauka a shekarun 1950, waɗanda ake nema ta hannun hukumar taswira ta ƙasa, IGNN, a Yamai. Akwai na tauraron leƙen asirin Amurka mai suna Corona, da aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972, aka sake su ga kowa a 1995; ana samunsu a shafin EarthExplorer, kuma mafi kyawunsu suna nuna abin da ya kai faɗin mita 2, wato titi da katanga suna fita. Tauraron ɗan adam na Landsat ya fara a 1972, amma kada a yaudari kai: ɗigo ɗaya a hoton farko ya kai mita 60 zuwa 80, na baya mita 30. Titi mai mita 15 ba ya bayyana a ciki. Amfaninsa kawai ya nuna inda gini ya tsaya, gona ta fara. Daga shekarun 2000 zuwa yau kuwa Google Earth yana da maɓallin komawa baya, shi ne mafi sauƙi.

Na biyu, a ɗora su duka kan ma'auni ɗaya a manhajar taswira ta QGIS. Maraɗi tana wajen digiri 13.5 arewa, 7.1 gabas, don haka yankinta a UTM, tsarin da ke auna taswira da mita, shi ne 32 arewa, lambarsa a manhajar 32632. Wanda ya bar aikinsa a digiri ya ce zai auna tsawon titi, lissafinsa ya lalace tun kafin ya fara. Wanda kuma ya kwafi saitin da aka yi wa Yamai ya ɗauko yanki na 31, ba namu ba ne, kuma zai juya masa fuskar titunan kaɗan ba tare da ya sani ba.

Na uku shi ne inda mutane suka fi faɗuwa, wato daidaita tsohon hoto da sabo. Ana buƙatar wuraren da ba su motsa ba, aƙalla 10 zuwa 15, a warwatse har kusurwoyin hoton huɗu, ba a cunkushe a tsakiyar gari ba. Kusurwar katangar tsohon gini, mahaɗar manyan tituna, bakin filin jirgi. Kada a ɗauki itace, kada a ɗauki bakin gulbi, don gulbi yana sauya kwanciya. Hoton Corona yana da lanƙwasa a gefensa saboda yadda kyamarar ke shara, shi ya sa miƙaƙƙen daidaitawa ba ya isarsa, sai an yi mai lanƙwasa. Idan kuskuren da manhaja ta nuna ya haura mita 10, to ba za ki iya cewa an faɗaɗa titi ko an matse shi ba, don kuskuren ya kusa faɗin titin kansa.

Ɗan Mokoyo: Yallaɓai Mai Awo, na ji wannan duka, amma ga inda nake da ja. In dai daga 1945 zuwa yau kusan duk garin yanka ne, to dara dara ce. Ta ina za a bambanta yankan Bature da yankan magajin gari na shekarun 1980? Ni a ganina tsarin titi a Maraɗi bebe ne. Gara a tafi wajen tsofaffi da takardun ofishin filaye kai tsaye, a huta da zane-zane.

Mai Awon Kare: Ba bebe ba ne Alhaji, ƙasa-ƙasa yake magana. Dara ba ɗaya ba ce. Kowane lotisma, wato yankan filaye na hukuma, da ranar da aka ja igiyarsa, da wanda ya ja, da abin da ya jingina da shi. Wani ya bi babbar hanya, wani ya bi bakin tudu, wani ya bi arewa tsaf. Inda yanka biyu suka haɗu sai ka ga ɗinki: titi ya zo a miƙe ya ɗan karya wuya da digiri 5 ko 10, ko ya zo ya ci karo da katanga sai an goce mita 20 kafin a samu ci gabansa, ko a bar wani fili mai kusurwa uku da ba ya karɓar gida sosai, ya zama wurin mai shayi, garejin kabu-kabu ko ƙaramin masallaci. Duk inda ka ga jerin irin waɗannan filaye masu siffar samosa, ka ja layi a kansu, iyakar gari ce ta wani zamani.

Ana iya auna wannan ba da ido kaɗai ba. A sauko da titunan daga taswirar intanet ta OpenStreetMap, a yanka kowane titi daga mahaɗa zuwa mahaɗa, a fitar da fuskar kowane guntu daga digiri 0 zuwa 180, a zuba su a rukuni na digiri goma-goma, a ba kowane rukuni launinsa. Nan take gari zai rabu faci-faci kamar rigar almajiri. Kowane faci yanka ne guda, ko yankuna biyu da mai awo ɗaya ya ja.

Sai girman ilo, wato rukunin gidajen da tituna huɗu suka kewaye. Misali na lissafi: kare, wato filin gida ɗaya, mai mita 20 a 30, biyar a jere, baya da baya, ya ba ka ilo mai 100 a 60. Sa masa titi mai mita 15, ya zama 115 a 75, wato murabba'in mita 8,625 ga kowace mahaɗa. Kilomita murabba'i guda zai ɗauki mahaɗa kusan 116, kuma titi ya ci kashi 30 cikin ɗari na ƙasar. In aka rage kare zuwa 15 a 20, titi zuwa mita 10, lissafin ya sauya gaba ɗaya. Da ƙasa ta yi tsada, kare yana ƙanƙancewa, murabba'in mita 600 ya koma 400, ya koma 300. Don haka girman kare da faɗin titi suna ba ka jerin wane ya riga wane, ko da ba su ba ka shekara ba.

Ɗan Mokoyo: To ai ka faɗa da bakinka, jeri suke bayarwa ba shekara ba.

Mai Awon Kare: Ƙwarai. Shekara daga hotuna da takardu take fitowa. In yanka babu shi a hoton 1968, ga shi a na 1986, ka kama shi tsakanin biyun. Amma takarda ma tana da nata tarkon: ranar da aka sa hannu kan lotisma daban, ranar da aka kafa turakun siminti daban, ranar da mutane suka tare daban. Akwai yankan da ke yin shekara goma ana noma gero a cikinsa, titunansa na takarda kawai.

Hajiya Mai Tsara Birni: Ina so in ƙara abin da ya fi amfani ga tambayar ƙanwata, don shi ne yake mayar da ƙa'idar da ta ce ta kife kan ƙafafunta. Ku daina kallon titi, ku leƙa cikin ilo. Wani masani a Ingila, Conzen, tun 1960 ya nuna cewa gari hawa uku ne: titi, fili, gini. Gini yana sauyawa cikin shekara ashirin ko talatin, fili yana daɗewa fiye da haka, titi kuwa shi ne mai taurin kai. A tsofaffin unguwannin Maraɗi titin na Bature ne, amma cikin ilo na Bahaushe ne. Gidan da aka ba mutum guda bayan ambaliya yau an yi rabon gadonsa sau biyu ko uku. Wanda rabonsa ya faɗa ta baya dole a fitar masa da hanya, sai a tsaga lungu mai faɗin mita ɗaya da rabi ko biyu a gefen katanga, ya shiga ya tsaya a ƙofarsa. Ga lungun da ba ya ɓullewa ya dawo, amma a ɓoye cikin dara.

Yadda za a auna shi ba ya son kwamfuta. A ɗauki fuskar ilo guda, a taka ta da ƙafa, a ƙirga ƙofofin gida da bakin lunguna a cikin mita 100. A yi haka a fuskoki 20 cikin Bagalam ko Ɗan Gulbi, a yi 20 a Zariya, a yi 20 a Ali Ɗan Tsoho. A ware ƙofar shago daga ƙofar gida, in ba haka ba titin kasuwa zai ruɗe lissafin, don ɗakin zaure da aka fasa aka yi kanti ba rabon gado ba ne. A kuma rubuta mitocin wuta da na ruwa da ke jikin katanga: ƙofa ɗaya da mita uku tana gaya maka gidan ya rabu a ciki ko an sa 'yan haya, ko da katangar waje ba ta nuna ba.

Su kuma karkatattun lungunan bakin gari da kika gani, iri biyu ne, kada ki haɗa su. Akwai tsohon ƙauye da gari ya haɗiye: za ki gan shi dunƙule, hanyoyi suna fita daga tsakiyarsa ta ko'ina, da tsohuwar rijiya ko masallaci ko babbar itaciya a cibiya, dara ta kewaye shi ta kowane gefe ta kasa shiga. Wannan ya girmi yankan da ke kewaye da shi. Akwai kuma gonar da mai ita ya yayyanka ya sayar kafin lotisma ya iso: nan gidajen suna bin iyakar gona, dogaye-dogaye, lungun yana karyewa daidai inda gonar wane ta ƙare ta wane ta fara. Wannan jiya-jiya ne. A hoto daga sama duk biyun a murɗe suke, amma tsakaninsu akwai shekara ɗari.

Ɗalibar Taswira: Na gode Hajiya. To ta yaya za a rarrabe su in babu tsohon hoto mai kyau na wurin?

Hajiya Mai Tsara Birni: Dubi itatuwa da hanyoyin da suka ratsa. Ƙauye yana da inuwa mai kauri a tsakiya, bedi da tsamiya da kuka. Gonar da aka yanka kuwa gawo za ki tarar, a warwatse, wani ma tsakiyar lungu ya tsaya ana kewaye shi. Gawo yana da hali guda da ke taimako: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. A hoton watan Fabrairu ko Maris shi ne ɗigon kore a cikin jan ƙasa. Inda kika ga gawo tsakanin gidaje da tazara irin ta gona, kwanan nan aka daina noma wurin. Manyan maɗatai a jere bakin titi kuwa galibi dashen hukuma ne na da.

Sai hanyar da ta zo a karkace ta yanka dara ba ta kula da kowa ba. Kusan kullum ita ce babba. Turbar ƙauye ce ko burtalin shanu da mai awo ya tarar ya kasa kashewa, don mutane ba su daina bin ta ba. Bi ta a hoto har wajen gari, za ki ga inda ta nufa.

Na'ura: Duk wannan aikin ƙafa ne, kuma yana da kyau, amma akwai hanyar da ta fi sauri. Tsarin da Bill Hillier da abokan aikinsa suka fitar a Landan tun shekarun 1970 yana lissafa wane titi ne ya fi haɗe da sauran, wato daga shi sau nawa za ka karya kwana kafin ka kai ko'ina. Ana yi da manhajar depthmapX, kyauta ne. A zana titunan kowane zamani daban, a gudanar da lissafin, a ga yadda cibiyar gari take tafiya. Ga Maraɗi ina sa ran za a ga nauyi yana barin kewayen fada yana komawa kan babbar hanyar da ta ratsa gari ta nufi Ɗan Isa da Jibiya, don gari ba shi da wurin faɗaɗa ta yamma, fadama ta tare shi. A yi shi da zango biyu: mita 800 don tafiyar ƙafa, da gari duka don abin hawa.

Mai Awon Kare: Ƙanena, manhajar ba ta da laifi, abincin da ake ba ta ne matsala. OpenStreetMap na Maraɗi 'yan sa-kai ne suka zana shi daga hoto. Manyan tituna sun fito, amma lungunan da Hajiya ta yi bayani da yawa ba su ciki, wasu titunan kuma an zana su sun kusa haɗuwa ba su haɗu ba, saura mita ɗaya. Kai da ido ka ga mahaɗa, kwamfuta ta ga hanyoyi biyu da suka mutu. Kafin kowane lissafi sai an bi an ɗinke waɗannan, a sa tazarar kamawa ta mita 2 zuwa 3. In ka sa 10 za ka haɗa abin da katanga ta raba. Titi mai hannu biyu da aka zana layi biyu kuma a mayar da shi layi ɗaya, in ba haka ba kowace mahaɗa za ta ƙirgu sau biyu ko huɗu. Sannan matsalar gefe: duk titin da ke bakin taswirarka zai fito kamar saniyar ware, ba don haka yake ba, don kai ka yanke abin da ke gabansa. A ƙara aƙalla kilomita 2 a kewaye, ta arewa ma a kai har inda hanyar Yamai zuwa Damagaram ta wuce.

Injiniyan Ruwa: Kuma manhajar ba ta san yashi ba. A wurinta titi mai mita 20 titi ne. A Maraɗi titi mai mita 20 da yashi ya cika ɗan kabu-kabu ba ya shigarsa, gara ya zaga ta pabe, mai shimfiɗar bulo, ko gudro, wato kwalta, ko da ya ninka tafiya. Titin da aka shimfiɗa wa kwalta a ayyukan Maraɗi Kwalliya na bikin 18 ga Disamba 2015 ya ja shaguna da zirga-zirga ba tare da an sauya layi ko ɗaya a taswira ba. In ba a sa wa kowane titi nauyin irin shimfiɗarsa ba, sakamakon zai yi kyau a allo ya saɓa wa abin da ke ƙasa.

Tunda na shigo, bari in faɗi abin da nake ganin an tsallake. An gudu daga ruwan gulbi a 1945, amma dara ta kawo nata ruwan. Garin yana bisa tudun yashi, gangarensa yana kallon fadama. Titin da aka ja a miƙe daga sama zuwa ƙasa ba shi da abin da zai rage wa ruwa gudu. Ruwan shekara a nan wajen milimita 500 ne, amma ba a hankali yake zuwa ba, 50 na iya sauka cikin awa ɗaya ko biyu. Ɗauki hekta 10 na unguwa da ta cika da rufin kwano da daɓen siminti: milimita 50 a kanta mita kubik 5,000 ne, in rabi ya gudu, 2,500 ke nan suna neman titi guda. A da gona ce take shanye mafi yawansa. Shi ya sa kowane sabon yanka da aka ƙara a sama, tsohuwar unguwar da ke ƙasa ce take biyan kuɗinsa: titi ya zama kwazazzabo, tushen katanga ya fito fili, kanibo, wato magudanar ruwa, ya cike da yashi da leda.

Wannan ma abin karatu ne. Ku duba tsayin dokin ƙofa. Inda aka yi wa ƙofa matakala uku ko huɗu ana hawa, titin ne ya zaizaye ya sauka. Inda kuma ake sauka cikin gida daga titi, har an gina ɗan shinge a bakin ƙofa, yashi ne ya taru ya ɗaga titin. Da ma'aunin tela ana iya auna wannan gida-gida a fitar da taswirar inda ƙasa ke tashi da inda take zuwa. Kada a dogara da bayanan tsayin ƙasa na SRTM don wannan. Ɗigonsa mita 30 ne, kuskurensa a tsaye yana kai mitoci, alhali abin da muke nema santimita 40 ne ko 60.

Bagobirin Tsibiri: Ku dai Katsinawa ku yi ta aunawa, kafin ku gama garinku ya iso ƙofar Sarkin Gobir mu karɓi haraji. Amma da gaske, hanyar da ke tsakaninmu ita ma darasi ce. Gini yana bin bakin gudro kamar zare, gida ɗaya ko biyu a kauri, gidan mai, sito, makaranta, bayansu gona. In aka auna girman gari da layin da ya kewaye gini na ƙarshe, za a kumbura shi ƙwarai. Gara a ƙirga gine-gine a cikin murabba'ai na mita 100 a 100, a sa ƙa'ida guda ta abin da za a kira gari, a riƙe ta a duk shekarun.

Malam na Limanci: Bagobiri, harajin sai dai ku zo ku kawo. Maganar kumburin gari ta tuna mini da abin da ya kamata ɗiyata ta ajiye kusa da taswirarta, wato ƙidaya. A 1977 mutanen Maraɗi wajen 44,000 ne, a 1988 wajen 110,000, a 2001 sun kai 148,017, a 2012 kuma 267,249. Ninki shida cikin shekara 35. Kowane tsalle da dalilinsa. Gyaɗa ce ta fara tara kantunan Turawa da dillalai, tana bin hanyar Katsina zuwa jirgin ƙasan Kano. Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 da kasuwancin fito da ya biyo baya suka tayar da alhazan gari, su kuma suka zuba kuɗi a filaye da gidaje. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka koro mutanen karkara. Wanda ya zo da kuɗi ya sayi kare a cikin yanka, wanda ya zo da tabarma ya zauna inda igiya ba ta kai ba. Tsarin titi yana nuna miki duka biyun, amma ba zai gaya miki wane ne wane ba sai kin tambaya.

Wani ƙaramin abu kuma. Alƙibla daga Maraɗi wajen digiri 71 take daga arewa, wato gabas da ɗan karkata hagu. Dara ba ta san da wannan ba. Shi ya sa a hoto za ki ga masallaci ya zauna a karkace cikin filinsa, ya bar kusurwoyi. Masallacin da aka ware wa fili tun a takarda yana da sarari a kewaye. Wanda aka tsaga daga gidan mutum daga baya yana bin katangar gidan, sai sahu ne ake karkatawa a ciki.

Hajiya Mai Tsara Birni: Malam ya kawo ni kan manyan filaye. Maƙabarta, barikin soja, filin ƙwallo, filin jirgi, mahauta, babbar makaranta, tashar manyan motoci: ba a kafa ɗayansu a tsakiyar gari. Ranar da aka kafa su, bayan gari ne. In kika sa musu ɗigo kika rubuta shekarar kowanne, kika haɗa na zamani ɗaya da layi, za ki samu zobba, kowane zobe bakin gari ne na lokacinsa. Ga mu kuwa zobban ba za su rufe ba, rabin wata za su yi, saboda fadama. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana cikin zoben baya-bayan nan. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 shi ma zai ja nasa layin. Inda tasha ta zauna da inda aka bar mashiga su za su yanke wace unguwa za ta haɗu da gari, wace za ta koma bayan shinge. Yana da kyau a adana hotunan wannan gefen na yanzu, don a samu abin kwatantawa.

Ɗan Mokoyo: To na sauko rabi. Na yarda ɗinki da girman kare suna magana. Amma har yanzu tsohon garin na fadama, wanda shi ne asalin tambaya, babu titin da zai nuna shi. Lambuna ne da gonaki a kansa.

Mai Awon Kare: Titi babu, amma ƙasa ba ta mantuwa da wuri. A nema a hotunan shekarun 1950 da na Corona, lokacin shekara 10 zuwa 25 kacal da tashi. Abin dubawa shi ne iyakokin gonaki da suka yi baka maimakon su miƙe, don ganuwar da ta rushe takan bar tudu mai lanƙwasa, ramin da aka haƙi ƙasarta kuma ya riƙe danshi ya yi duhu a hoton rani. Sai turbobin da suka taho daga wurare daban-daban suka haɗu a wurin da yau babu komai, alamar ƙofa ce ko kasuwa. Amma a yi hattara ƙwarai: tsohuwar kwanciyar gulbi ma baka take yi, ta kuma yi duhu. Bambancin, ta gulbi faɗinta yana sauyawa kuma tana da 'yan'uwa a jere, ta ganuwa faɗinta ɗaya ne. Ba a yanke hukunci daga allo. Sai an je da GPS, an ga ko akwai fasassun tukwane da toka a ƙasar, an kuma tafi da dattijon da iyayensa suka nuna masa wurin. In za a ɗora tsohuwar taswirar Faransawa a kai, a tuna an yi ta kan ma'aunin Clarke 1880, ba na GPS ba. In ba a juya ta ba, komai zai goce da mita ɗari ko fiye, ka je kana neman ƙofar gari a cikin lambun wani.

Injiniyan Ruwa: A kuma je tsakanin Maris da Mayu, bayan an kwashe amfanin lambu, kafin ruwan farko. Da damina ciyawa da laka sun rufe komai.

Ɗalibar Taswira: Allah ya saka da alheri, malamaina. Zan fara da launin fuskar tituna da ƙirgen ƙofofi, tunda su ba sa jiran takardar kowa. Yallaɓai Mai Awo, rukunin digiri goman nan, daga 0 zan fara ko daga 5?

Mai Awon Kare: Daga 5, ki sa na farko ya tashi daga 175 ya zagayo zuwa 5. In kika fara daga 0, titin da ke kallon arewa tsaf zai rabu gida biyu, guntu mai digiri 179 a wani launi, mai digiri 1 a wani, ki ga ɗinki inda babu shi. Ki kuma jefar da duk guntun da bai kai mita 20 ba kafin ki ƙirga, yawancinsu karkacewar hannun mai zane ce.